Daga Runka zuwa gadon asibiti: Sa'o'in da ke cinye masu bugun zuciya

A garinmu Runka, cikin Ƙaramar Hukumar Safana ta Jihar Katsina, kowa "Dakta" yake ce mini tun ranar da labari ya isa gida cewa na kammala digiri na uku. Na sha yin bayanin cewa digirin nawa a fannin labarin ƙasa ne, aikina taswira da allo, ban taɓa riƙe sirinji ba, amma bayanin bai taɓa shiga kunnen kowa ba. Duk wanda ɗansa ya kwana da zazzaɓi sai ya kira ni, ni kuwa in yi dariya in ce a tafi asibiti. Wannan raha ta fita daga raina a wani dare cikin kaka, shekara biyu ke nan, lokacin da wayata ta yi ƙara wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na duba na ga lambar ɗan kawuna.

"Yaya Dakta, jikin Baba ne," in ji shi. "Tun bayan la'asar yake cewa ƙirjinsa kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Ga zufa tana karyo masa, ga hannun hagu ya yi masa nauyi."

Na tambaye shi abin da aka yi a kai. Ya ce an je kemis bayan magariba, mai kemis ya ce olsa ce, ya ba da farin maganin kwalba da wasu ƙwayoyi. Na ce a miƙa wa Kawu wayar. Da murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Dakta, kada ka tayar da hankalinka, ƙwannafi ne. Wake na ci da rana."

Na ce, "Kawu, don girman Allah a nemi mota yanzu."

Ya ce, "Wa zai fito da motarsa a daren nan? Ko ka manta inda muke? Allah dai Ya kai mu safiya."

Ban manta ba. Runka a bakin dajin Rugu take, kuma shekaru ke nan mutanen yankin Safana da Batsari ba sa hawa hanya da dare sai wanda ya sayar da ransa, saboda 'yan bindiga. Sai bayan sallar asuba aka samu mota. Asibitin farko da suka isa babu na'urar duba bugun zuciya mai aiki, aka auna hawan jini, aka rubuta musu takarda zuwa gaba. Lokacin da na tarye su a babban asibiti cikin birni rana ta take tsaka, wato kimanin sa'a ashirin da fara ciwon. Likitan da ya karɓe mu, wani matashi mai natsuwa, ya duba 'yar doguwar takardar da na'ura ta fitar, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, jijiyar zuciya ce ta toshe, kuma ɓarnar ta riga ta auku. Da jiya da yamma ya zo, da akwai abin da za mu gwada." Bayan kwana biyu Kawu ya cika. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Na yi imani cewa ajali idan ya zo babu mai jinkirta shi. Sai dai malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani ba ya cin karo da tawakkali, kuma sakaci ba ya zama ƙaddara don kawai mun kira shi da wannan suna. Tun daga ranar nake bin abokaina likitoci da tambaya, nake karanta abin da hannuna ya kai gare shi. Abin da na gano shi nake so in ajiye a gaban masu karatu da mahukunta: a ƙasar nan mai bugun zuciya kan rasa ransa ne a tsakanin ƙofar gidansa da ƙofar asibiti, don haka duk wani gyara da bai faro daga wannan tazarar ba ihu ne bayan hari.

Yadda ciwon yake

Zuciya tsoka ce, kuma kamar kowace tsoka tana rayuwa ne da jinin da wasu ƙananan jijiyoyi ke kai mata. A tsawon shekaru, hawan jini da ciwon suga da shan taba da yawan kitse a cikin jini sukan sa wani irin maiƙo ya taru a bangon waɗannan jijiyoyi. Wata rana sai maiƙon ya tsage, jini ya daskare a wurin ya zama guda, hanya ta toshe. Daga wannan lokaci sashen zuciyar da jijiyar ke shayarwa zai fara mutuwa, kuma naman da ya mutu ba ya dawowa. Manomi zai gane misalin: idan aka datse ruwa daga fadama, akwai ɗan lokacin da in aka buɗe shuka za ta farfaɗo, akwai kuma lokacin da ko kogi aka juyo mata aikin gama ya gama.

Likitoci sun auna wannan ɗan lokaci. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin zuciya na duniya suka amince da ita ita ce a yi wa mai ciwon ƙirji gwajin ECG, wato zanen bugun zuciya a takarda, cikin minti 10 da haɗuwarsa da ma'aikacin lafiya. Idan gwajin ya nuna jijiya ta toshe gaba ɗaya, hanya biyu ce. Ta farko, a zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta cinya har zuwa zuciya a buɗe wurin, matuƙar za a iya yin hakan cikin minti 120. Ta biyu, idan wurin yin wancan aiki ya yi nisa, a ba da allurar da ke narkar da gudan jinin. Allurar ta fi amfani a sa'o'i biyu zuwa uku na farko, amfaninta yana raguwa da tafiyar lokaci, bayan sa'a 12 kuwa ba a cika ba da ita ba.

Wannan ilimi ya daɗe. A 1988 aka wallafa sakamakon wani babban gwaji mai suna ISIS-2, wanda ya ƙunshi majinyata fiye da 17,000 a ƙasashe da dama. Ya nuna cewa ƙwayar asfirin kaɗai ta rage mace-mace da kimanin kashi 23 cikin 100, allurar narkar da gudan jini mai suna sitireptokinas ta rage da kimanin kashi 25, haɗa su biyun kuwa ya rage da kashi 42. Asfirin ɗin nan ita ce dai wadda muka sani, kuma da wuya a rasa ta a kan kantar kemis. Mai yiwuwa tana nan a kemis ɗin da aka je saboda Kawu, tazarar kamu ɗaya daga kwalbar maganin olsa.

Ƙidayar da ba ta ga ƙauye ba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9, wato kashi 32 cikin 100 na dukan mace-macen duniya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan sun auku ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Tsohon zancen nan cewa ciwon zuciya na Turawa ne da manyan attajirai ya daɗe da faɗuwa.

A nan gida akwai wani nazari da ya kamata kowane kwamishinan lafiya ya karanta. Likitocin zuciya daga asibitoci daban-daban na ƙasar nan, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Simeon Isezuo na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, sun tattara bayanan majinyata 1,072 masu irin wannan ciwo daga 2013 zuwa 2018, a wani rajista da suka kira RACE-Nigeria. Sun gano cewa rabin waɗanda jijiyarsu ta toshe gaba ɗaya sun kai sa'a shida ko fiye kafin su ga ma'aikacin lafiya, kuma waɗanda suka samu allurar narkar da gudan jini ba su kai ɗaya cikin biyar ba.

Adadin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: kimanin kashi 87 cikin 100 na majinyatan mazauna birane ne. Mai gaggawar yanke hukunci zai ce ashe ciwon na 'yan birni ne. Wataƙila zaman birni yana da nasa kason, amma ni da nake koyar da ɗalibai yadda ake karanta taswira na san cewa wurin da aka bari fari a takarda ba lalle ne babu kowa a cikinsa ba, sau da yawa mai zanen ne bai je ba. Rajistan asibitin koyarwa yana ƙirga wanda ya iso ne da ransa. Mutumin Runka ko na Batsari da ya faɗi a gona, aka ce iska ce ta buge shi, aka yi masa sutura kafin la'asar, babu littafin da ya shiga. A gidajen makoki abin da muke ji bai wuce "lafiyarsa ƙalau, faɗuwa ɗaya ya yi" ba. Kowane mai karatu ya ƙirga sau nawa ya ji wannan jimla a bana.

Doka tana nan, kuɗi yana nan

Abin takaicin shi ne ba a rasa tanadi a takarda ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane irin dalili, ta kuma tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Dokar ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda za a riƙa zuba wa abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ba, ta kuma keɓe kashi 5 cikin 100 na asusun domin jinyar gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara ware kuɗin. A 2022 aka ƙaddamar da tsarin agajin gaggawa da motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙasa, wanda ake kira NEMSAS, aka fara gwada shi a Abuja, da alƙawarin ɗaukar nauyin jinyar sa'a 48 na farko. Akwai kuma lambar kiran gaggawa ta kyauta, 112.

Duk waɗannan matakai ne masu kyau, kuma wanda ya yi abin kirki a yaba masa. Amma a zo a gwada su da ma'aunin Runka. Lambar 112 tana buƙatar sabis, alhali ba mu manta ba, a watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, Safana da Batsari suna ciki, aka yi watanni a haka. Motar asibiti tana buƙatar direban da zai yarda ya shigo da dare. Alƙawarin sa'a 48 kyauta kuwa sai wanda ya isa asibitin da ke cikin tsarin yake amfana. Tsarin da aka ɗinka da awon Abuja, inda akwai kwalta da fitilu da asibitoci kusa da juna, ba zai shiga jikin ƙauyen bakin daji ba sai an sake yanka.

Kai magani inda majinyaci yake

Idan aka tashi maganar inganta jinyar zuciya, hankalin shugabanninmu ya fi tafiya ga katafaren gini da za a yanke ƙyalle a buɗe. Ɗakin zura bututu a zuciya abu ne mai amfani, kuma Arewa tana buƙatar ƙarinsa, domin 'yan kaɗan ɗin da ake da su sun fi taruwa a Legas da Abuja, da yawansu na 'yan kasuwa ne, kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka. Sai dai ko yau aka gina irinsa a birnin Katsina, mutumin Runka da ciwo ya kama bayan isha'i ba zai same shi cikin minti 120 ba.

Wasu sun fuskanci wannan matsala kafin mu. A birnin Belfas na Ailan ta Arewa, wani likita mai suna Frank Pantridge ya lura cewa yawancin masu bugun zuciya suna mutuwa ne tun kafin su iso asibiti. A 1966 sai ya ɗora na'urar farfaɗo da zuciya da ma'aikata a cikin mota, ya riƙa kai asibitin wurin majinyaci. A Jihar Tamil Nadu ta Indiya, inda ƙauyuka da talauci suka yi kama da namu, an ɗaure ƙananan asibitoci da manya: a yi gwajin ECG a ƙaramin asibiti, a tura hotonsa ta waya ga ƙwararre a birni, ya karanta ya ba da umarni, a yi allurar narkar da gudan jini nan take, sannan a ɗauki majinyaci zuwa babban asibiti a ƙarasa aikin cikin natsuwa. Wannan tsari na biyu shi ya fi dacewa da mu, kuma ga yadda nake ganin za a fara.

Da farko, Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, kuma manufar ƙasa ita ce kowace mazaɓa ta samu cibiyar lafiya guda mai aiki. A sa na'urar ECG mai aiki da batir ko hasken rana cikin kayan da dole a samu a kowace irin wannan cibiya, a fara da garuruwan da dare ke rufe wa hanya. Kuɗin jif ɗaya ta babban jami'i zai sayi irin wannan na'ura masu yawa. Malamin asibiti ba ya buƙatar zama ƙwararre kafin ya manna wayoyi goma a jikin mutum ya ɗauki hoton takarda.

Na biyu, a kafa teburin likitoci da ba ya barci a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko a haɗa gwiwa da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, domin karanta waɗannan hotuna cikin 'yan mintoci. Ko ta WhatsApp ana iya farawa, matuƙar an tsare sirrin majinyaci kuma an biya likitan da ke kwana a kan aikin.

Na uku, allurar narkar da gudan jini ta kasance a ajiye a kowane babban asibiti na ƙaramar hukuma, tare da na'urar farfaɗo da zuciya da ma'aikatan da aka horar. Allurar tana da haɗari, tana iya jawo zubar jini, kuma akwai waɗanda ba a yi wa ita, don haka ba ta kemis ba ce. A biya kuɗinta daga kason nan na kashi 5 cikin 100, domin kada a tsayar da iyali a bakin taga ana jiran su sayar da akuya, alhali zuciyar maigida tana mutuwa.

Na huɗu, sufuri. Muna da abin koyi a gida: shirin da direbobin ƙungiyar NURTW suka yi na kai mata masu naƙuda asibiti a jihohin Arewa da dama, ciki har da Katsina. A faɗaɗa shi ya haɗa da masu ciwon ƙirji, a riƙa biyan direba kuɗin mai ba tare da jan rai ba, a kuma yi yarjejeniya da jami'an tsaron da ke yankin kan rakiyar majinyaci da dare. Tsaro da lafiya a wurinmu igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Na biyar, a riƙa ƙirgawa. Kowane asibiti ya rubuta lokacin da ciwo ya fara, lokacin da majinyaci ya iso, lokacin da aka yi gwaji da lokacin da aka ba da magani, ma'aikatar lafiya ta wallafa alƙaluman kowace shekara, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Da wannan za mu auna gwamnati, maimakon yawan motocin da aka jera a filin taro aka ɗauki hoto.

Na san za a ce zazzaɓin cizon sauro da mutuwar mata wajen haihuwa da tamowa sun fi kashe mutanenmu, don me za a karkatar da ɗan abin da ake da shi? Magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amsata ita ce motar da za ta ɗauki mai ciwon ƙirji ita za ta ɗauki mai naƙuda da wanda maciji ya sara da wanda harsashi ya samu, kuma teburin likitocin da ke amsa waya da tsakar dare zai amsa wa kowa. Bugun zuciya shi ne jarrabawa mafi tsanani ga tsarin gaggawa saboda ƙarancin lokacinsa. Tsarin da ya ci wannan jarrabawa zai ɗauki sauran cikin sauƙi.

Namu kason

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Ciwon da ke danne tsakiyar ƙirji kamar an ɗora kaya, ya wuce 'yan mintoci bai lafa ba, musamman in ya haura wuya ko muƙamuƙi ko ya sauka hannu, ga zufa ko tashin zuciya ko sarƙewar numfashi, a ɗauke shi bugun zuciya har sai gwaji ya nuna ba shi ba ne. Mata da tsofaffi da masu ciwon suga sukan zo da alamun da ba su fito fili ba, kamar kasala mai tsanani ko ciwo a saman ciki. A zaunar da mutum, kada a bar shi ya yi tafiya da ƙafa, a nemi abin hawa nan take. Likitoci suna ba da shawarar ya tauna asfirin mai nauyin miligiram 300, sai fa idan jikinsa ba ya karɓar ta, ko yana da gyambon ciki mai zubar da jini. Idan ya faɗi ba ya amsawa kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, a kwantar da shi a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, ba tsayawa. Yayyafa ruwa da firfita ba sa tayar da zuciyar da ta tsaya.

Masu kemis su ne likitan farko na mafi yawan ƙauyukanmu, ko mun so ko mun ƙi. Ba na riƙe da wanda ya ba Kawu maganin olsa a zuciyata, abin da ya sani ya yi. Amma horon yini ɗaya zai iya koya masa cewa dattijo mai ciwon ƙirji da zufa mota yake buƙata. Haka limamai da malaman makaranta da gidajen rediyo: in kunne ya ji, jiki ya tsira. Duk wanda ya haura shekara arba'in kuma ya riƙa auna hawan jininsa da sugansa, ya rage gishiri da ɗanɗanon girki, ya rabu da taba.

Ɗalibaina sun san abin da nake maimaita musu a aji, cewa nisan gari da gari ba a kilomita kaɗai ake auna shi ba, ana auna shi da lokacin da zai ci mutum kafin ya isa. A taswira Runka ba ta da nisa da birnin Katsina. A daren da Kawu ya kira ni "Dakta" ya ce in kwantar da hankalina, nisanta da na'urar da za ta faɗi ciwonsa sa'a ashirin ne. Roƙona ga Ministan Lafiya da Gwamnan Jihar Katsina da 'yan majalisarmu shi ne su karɓi wannan adadi a matsayin bashi, su riƙa faɗa mana kowace shekara sa'a nawa suka rage a ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya dawo mana da zaman lafiya a yankinmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.